Hifnosis: A Buɗe Masa Ƙofar Asibiti, A Rufe Masa Ta Kotu

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok da wuya bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Wani Bature cikin baƙar kwat ya jera mutane a kujeru bisa dandamali, ya kaɗa yatsa, sai kawuna su langaɓe. Ya ce wa wannan "kai zakara ne", mutum da gemunsa ya miƙe ya hau cara. Ya ce wa waccan ta manta da lamba bakwai, ta ƙirga yatsun hannunta ta sami goma sha ɗaya, ta tsaya tana zare ido. Wannan shi ne abin da ake kira hifnosis, kuma masu kallonsa a wajenmu kashi biyu ne. Kashi ɗaya su ce haɗin baki ne, biyan su aka yi. Ɗaya kashin su ce a'uzubillahi, aikin aljanu ne ƙarara.

Abin mamaki, masana halayyar ɗan Adam a jami'o'in Turai da Amurka su ma sun shafe fiye da shekara 100 suna wata jayayya mai kama da wannan, sai dai tasu cikin ɗakin gwaji ake yi. Wasu sun ce wanda aka yi wa hifnosis ya shiga wani yanayi na hankali na daban, wanda ba barci ba ne kuma ba farke ba ne. Wasu sun ce babu wani yanayi, mutum ne da hankalinsa garau yake bin abin da aka kitsa masa. Ni na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗi babba: kada kowa ya ɗauka cewa hakan na nufin ƙarya mutumin yake yi. Abin da yake ji, da gaske yake jin sa. Ikon dai ba a hannun mai baƙar kwat yake ba, a cikin kan wanda ke zaune a kujera yake. In aka gane wannan, za a san inda ya kamata a bar abin ya shiga da inda ya kamata a tare masa hanya.

Tushen maganar wani likita ne Bajamushe, Franz Anton Mesmer, wanda ya yi karatu a Viyana ya koma Paris a 1778. Cewa ya yi akwai wani ruwa marar ganuwa da ke gudana a jikin kowane mai rai, in ya toshe sai ciwo ya kama mutum, shi kuma yana iya buɗe masa hanya da maganaɗisu ko da tafin hannunsa. A gidansa ya ajiye wani ƙaton baho na katako, cike da ruwa da garin ƙarfe, sandunan ƙarfe sun leƙo daga murfinsa. Masu hannu da shuni su kewaye bahon, kowa ya ɗora sanda a inda ke masa ciwo. An rage haske, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa, Mesmer na zagayawa cikin doguwar rigar alharini yana ƙura wa mutane ido. Can sai wata ta fara shessheƙa, wata ta faɗi tana shure-shure, kafin ka ce kwabo abin ya game ɗakin. Da yawa kuma su tashi su rantse sun sami sauƙi.

Da abin ya yi ƙamari, a 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike. A ciki akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, da Antoine Lavoisier, babban masanin sinadarai. Gwajin da suka yi a lambun gidan Franklin ya cancanci a tsaya a kansa. Almajirin Mesmer, Charles d'Eslon, ya zaɓi wata bishiya ya "ɗura" mata ƙarfin nan. Aka kawo wani yaro ɗan shekara 12 wanda d'Eslon da kansa ya zo da shi, aka ɗaure masa ido, ana kai shi yana rungumar bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. A ta farko ya fara gumi da tari. A ta biyu ya ce kansa na ciwo. A ta uku abin ya ƙaru. A ta huɗu ya yanke jiki ya faɗi sumamme. Duk cikin huɗun nan babu wadda d'Eslon ya taɓa. Kwamiti ya rubuta cewa babu wani ruwa, tunanin mutum ne ke aikin, aka rufe fayil.

Sun yi daidai a kan ruwan, amma sun tsallake tambayar da ta fi nauyi. Yaron nan fa ya suma. In har tsammani kaɗai zai iya kayar da mutum a gindin bishiyar da ba a yi mata komai ba, to wannan tsammanin shi ne abin bincike. A 1841 wani likitan fiɗa a Manchester, James Braid, ya ɗauko zaren. Ya je kallon wasan wani mai maganaɗisu da niyyar tona masa asiri, ya lura cewa wanda aka kwantar ɗin da gaske ya kasa buɗe ido. Ya koma gida ya gwada a kan matarsa da abokinsa, ba maganaɗisu ba shafa, ya sa su ƙura wa abu ɗaya ido kawai, ya sami sakamako iri ɗaya. Daga nan ya ce sirrin tattara hankali ne wuri guda.

A daidai wannan zamani wani likita ɗan Sukotlan, James Esdaile, yana can Indiya kusa da Kalkata yana yanka mutane ba tare da maganin kashe zafi ba, don a 1845 da ya fara babu shi. Bisa rahotonsa ya yi manyan tiyata sama da 250 ta wannan hanya, da yawa na cire ƙatuwar gwaiwa ne. Masu kambama hifnosis na son wannan labari ƙwarai. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne mataimakansa Indiyawa ne ke kwantar da majiyyatan, wani lokaci na sa'o'i, kuma majiyyatan talakawa ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, na farkonsu ma fursuna ne. Talakan da ke kwance a gaban likita Bature a wancan zamani yana da dalilin danne ihunsa. Duk da haka ba na jin dannewa kaɗai za ta iya bayyana ɗaruruwan tiyata. Ala kulli hal, an fara amfani da maganin sa barcin tiyata mai suna ether a Boston a 1846, wani irinsa mai suna kuloforom ya biyo baya a 1847, likitocin fiɗa suka watsar da batun.

To yaya ake yin abin a yau? Babu agogon da ake lilo da shi, babu kallon tsoro. Mutum zai zauna a kujera, wani ya ɗauki takarda yana karanta masa, wani lokaci ma muryar da aka naɗa ce ake kunnawa. Mintunan farko sharar fage ne: ka saki jikinka, ka saurari muryata kawai, idonka na nauyi, numfashinka na tafiya a hankali. Daga nan sai a shiga ainihin aikin, wato kitsa masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A ma'aunin da André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard suka tsara a Jami'ar Stanford, wanda ya fara fita a 1959 aka sabunta shi a 1962, abubuwa 12 ne, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A ce ka miƙa hannu, ka ji kamar an rataya masa kaya, sai hannun ya fara sauka. A ce ga sauro na shawagi a kunnenka, wani sai ya kai mari. A ce hannunka ya sandare ba ya lanƙwasuwa, gwada ka gani. A kusa da ƙarshe a ce hancinka ba ya jin wari, a kara maka kwalbar amoniya, wadda mai lafiya in ya shaƙa sai ya kau da kai da sauri. A ajiye ƙananan akwatuna uku a tebur a ce maka biyu ne, a tambaye ka nawa ka gani.

A nan ne abu na farko mai muhimmanci ya fito. Mutane ba ɗaya suke ba. Kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke cin kusan duka gwaje-gwajen, wasu kimanin haka ko motsi ba sa yi, sauran jama'a suna tsakiya, hannu ya sauka amma sauro bai zo ba. Kuma wannan baiwa ba ta cika canzawa ba. An sake gwada tsofaffin ɗaliban Stanford bayan shekara 25, aka buga sakamakon a 1989, makin yawancinsu bai yi nisa da na ƙuruciyarsu ba. Ƙwarewar mai karanta takardar ba ta ƙara wani abin kirki. Wannan ne sirrin mai baƙar kwat: kafin wasa ya yi nisa yakan sa dukan 'yan kallo su haɗe yatsu, ya ce sun manne, waɗanda suka kasa rabawa su yake kira sama, a cikinsu ma ya riƙa sallamar masu taurin kai a hankali. Tankaɗe da rairaya yake yi. Ka haɗa da fitilu da tafi da kunyar ɓata wa taro wasa, ga zakara ya samu.

Hilgard shi ne jagoran masu cewa yanayi ne na daban. A ganinsa hankali ne ke rabuwa gida biyu, wani sashe na aiki, wani shinge ya tare shi daga sanin mai shi. Hujjarsa mafi shahara ita ce ta ruwan ƙanƙara. A sa mutum ya tsoma hannu a ciki, a ce masa ba zai ji zafi ba, ya ce lallai ba ya ji. Sai a ce masa akwai wani ɓoyayyen sashe a cikinsa da ya san gaskiyar abin da ke faruwa, ya ba da rahoto da ɗaya hannun. Sai ɗaya hannun ya nuna cewa zafi na nan, yana ma ƙaruwa. Baki na cewa lafiya lau, hannu na cewa ana shan wuya.

Labari ne mai daɗi, har sai da Nicholas Spanos na Jami'ar Carleton a Kanada ya sa masa hannu. Ya ce wa wasu mutane ɓoyayyen sashen nasu ya fi su jin zafi, ya ce wa wasu sashen ya yi nisa sosai har bai kai su ji ba. Kowane rukuni ya kawo rahoton da ya dace da abin da aka faɗa masa. Ashe shi ma ɓoyayyen sashen kitsa shi aka yi. Kafin Spanos, Theodore Barber ya riga ya nuna cewa in ka tsallake sharar fagen gaba ɗaya, ka ce wa mutane kawai su dage su yi iya ƙoƙarinsu wajen suranta abin da za a faɗa, sakamakon bai da nisa da na waɗanda aka yi wa cikakken hifnosis. Irving Kirsch da abokin aikinsa sun auna wannan a 1999, suka ga abin da sharar fage ke ƙarawa ɗan kaɗan ne, wasu ma raguwa suke yi. Batun barci kuwa tuni ya faɗi. Na'urar auna igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa ba ta nuna alamun barci ga wanda ke cikin hifnosis. A 1976 Éva Bányai, 'yar ƙasar Hangare, ta ɗora mutane a keken motsa jiki suna tuƙi suna gumi, ana ce musu suna ƙara wartsakewa, kuma suka amsa kitsawar daidai da waɗanda aka kwantar a kujera. Yanayin da ake shiga ta hanyar sakin jiki, a kuma shiga ta hanyar tuƙa keke, a kuma sami amfaninsa ba tare da an shiga ba, ni kam ina da shakku a kan kiransa yanayi.

Sai dai duk wanda ya tsaya nan ya ce "ai na faɗa, wasan kwaikwayo ne", bai ji ƙarshen zance ba. Martin Orne ya ƙirƙiro wata dabara: ya samo mutanen da hifnosis ba ya kama su, ya ce su yi kamar ya kama su, ya cakuɗa su da na gaske, mai gwajin bai san wane ne wane ba. A wani gwaji da ya yi da Frederick Evans, wanda aka buga a 1971, ana tsakiyar aiki sai aka ɗauke wuta da gangan, na'urar muryar ta mutu, mai gwajin ya fice yana ƙunƙuni wai zai je ya duba. Ana leƙen ɗakin a ɓoye. Masu kwaikwayo da suka ga babu kowa sai suka buɗe ido suka daina, da suka ji motsin dawowarsa suka koma suka langaɓe. Na gasken kuwa suka ci gaba da abin da aka sa su na wasu mintuna, sannan suka farfaɗo a hankali. Mai yi don a gani ba ya ci gaba bayan mai gani ya tafi.

Hotunan ƙwaƙwalwa ma sun goyi bayan haka. A 1997 Pierre Rainville da abokansa a Montreal sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai zafin digiri 47. Wani lokaci a kitsa musu cewa zafin ba zai dame su ba, wani lokaci a ce zai gallabe su. Sashen ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙon fata bai canza ba, amma sashen da ke kula da damuwar da ciwo ke jawowa ya riƙa hawa da sauka bisa abin da aka faɗa. A 2000 Stephen Kosslyn na Harvard ya nuna wa mutum takwas zane mai toka-toka, aka ce musu mai launi ne, sashen ganin launi ya kama aiki. Wanda ya fi burge ni shi ne na Amir Raz a 2002. In aka rubuta kalmar "ja" da koren tawada aka ce ka faɗi launin tawadar, dole ka ɗan yi tuntuɓe, don mai ilimi ba ya iya hana kansa karatu. Raz ya kitsa wa masu baiwar cewa rubutun da za su gani na wani baƙon harshe ne, sai tuntuɓen ya ɓace ko ya ragu ƙwarai. Wannan ba abin da mutum zai yi don faranta wa malami rai ba ne.

Masu ra'ayin yanayi na daban sukan ɗaga waɗannan hotuna su ce ga shi nan. Sukan ƙara da binciken David Spiegel na Stanford a 2016, wanda ya tace mutum 545 ya ɗauki hoton 57, ya ga wasu sassan ƙwaƙwalwa sun lafa, alaƙar wasu ta canza. Amma ai ƙwaƙwalwa na canzawa in kana lissafi, tana canzawa in kana fushi, tana canzawa in ka nutsu a karatu. Canji a hoto na tabbatar da cewa mutum ba ƙarya yake ba, bai tabbatar da cewa ya bar hayyacinsa ba. Har yau babu wata alama guda da likita zai duba a hoto ya ce wannan yana cikin hifnosis, wancan ba ya ciki, yadda ake gane barci. Kuma a 2006 Raz ɗin da kansa, tare da Kirsch, ya maimaita gwajin launi ba tare da sharar fage ba, tuntuɓen ya ragu duk da haka.

Saboda haka ni a wurina maganar da aka kitsa ita ce mai aikin, tare da baiwar wanda aka kitsa wa. Kowa na da ɗan rabonsa. Ka tsaya ka suranta an ɓare tsamiya an ɗora maka a harshe, yanzu yawunka zai tsinke, alhali babu tsamiya kuma ba ka umarci bakinka ba. Mai cikakkiyar baiwa irin wannan ne ke faruwa da shi, amma har ga ganinsa da jin zafinsa da tunawarsa. Abin da ya rage na ɗaure kai shi ne yadda mutum ke ɗaga hannunsa da kansa amma ya rantse hannun ne ya tashi. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne na Zoltan Dienes na Jami'ar Sussex da Josef Perner: mutum ne ke ƙulla niyya ya aikata, sai dai sanin cewa shi ya yi niyyar ne ke kuɓuce masa. In wani ya ce wannan kuɓucewar ita yake nufi da yanayi na daban, ba zan yi dogon musu da shi ba. Abin da na ƙi shi ne hoton wani rami da ake jefa mutum, wani ya riƙe igiyarsa.

Wannan hoton ne ke sa mutane tsoron za a iya mallake su. Orne da Evans sun gwada shi a 1965. Suka umarci waɗanda aka yi wa hifnosis su kai hannu ga maciji mai dafi, su ciro kwabo daga cikin asid, su watsa wa wani asid ɗin a fuska. Galibinsu suka yi. Abin tsoro, ko? To masu kwaikwayo ma sun yi, haka wasu da ba a yi musu komai ba illa matsa musu da aka yi. Da aka tambaye su suka ce sun san jami'a ba za ta bari a cutar da kowa ba, kuma gaskiyarsu, akwai gilashi a gaban macijin, an kuma musanya asid ɗin kafin a watsa. Biyayya ga mai farar riga ce ta yi aiki. Shi ya sa in na ji labaran nan na tasha da kasuwa, wai wani ya dafa kafaɗar wani ya yi masa hifnosis ya kwashe masa kuɗi, nakan ce a sake lale. Abin da ake yi a ɗakin gwaji na buƙatar yardar mutum da nutsuwarsa da lokaci. Ɗan damfara na da kayan aikinsa da suka ishe shi: kwaɗayi, tsoro, gaggawa, abokan haɗin baki, wani lokaci da ƙwaya a cikin abin sha. Wanda aka cuta kuma ya fi samun sauƙin cewa an juya masa hankali da ya ce an yaudare shi, ban kuma ga laifinsa ba.

Ta fuskar addini, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya taɓa haramta abin, inda ya siffanta shi da amfani da aljani don a sa wanda aka kwantar ya ba da labarin gaibu. Duk mai da'awar zai kwantar da kai ka gano ɓarawo ko ka faɗi abin da ke ɓoye, ko a ma'aunin kimiyya ma maƙaryaci ne. Amma abin da aka siffanta ɗin daban yake da takardar da ake karanta wa majiyyaci, wadda ko rikoda na iya karantawa. Hukunci na malamai ne, nauyin masana lafiya shi ne su kai musu siffar abin yadda yake.

Haɗarin gaske a wani wuri yake, wurin da mutane suka fi amincewa da shi: tunawa. A 1976 aka sace motar makaranta da yara 26 a Chowchilla ta jihar Kalifoniya. Bayan sun kuɓuta aka yi wa direban hifnosis, ya tuno lambar wata mota saura harafi ɗaya. Labarin ya zagaye Amurka, 'yan sanda suka yi ta zuwa kwas, duk da cewa wurin fasa dutsen da aka binne yaran da ransu mallakar mahaifin ɗaya daga cikin ɓarayin ne, wanda hakan ma hanya ce ta kai wa gare su. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da za a mayar baya. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry a Montreal suka ɗauki masu baiwa 27, kowa ya zaɓi wani dare da ya tabbatar ya yi barci bai farka ba. A cikin hifnosis aka tambaye su ko sun ji wata ƙara da ta tashe su. Bayan an gama, 13 suka ce lallai ƙarar ta faru a daren, wasunsu ko da aka gaya musu cewa kitsa musu aka yi ba su janye ba. Ka ɗauko irin wannan mutum ka tsayar da shi a kotu. Ba ƙarya yake ba, don haka babu lauyan da zai girgiza shi, ga shi kuma abin da yake rantsuwa a kai bai faru ba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi a kan haka tun 1985, amma wani binciken jarida a 2020 ya gano 'yan sandan jihar Texas sun yi amfani da hifnosis kusan sau 1,800 cikin shekara 40, har da shari'o'in da suka kai ga hukuncin kisa. Sai a 2023 jihar ta hana kotunanta karɓar irin wannan shaida. Haka nan masu cewa za su mayar da kai yarinta ka tono abin da aka yi maka, gidaje da yawa sun watse a Amurka a shekarun 1980 da 1990 kan zarge-zargen da aka haifa a irin wannan zama.

A asibiti kuwa lissafin ya juya, don a can ba gaskiyar abin da ya wuce ake nema ba, sauƙin abin da ake ji yanzu ake nema, kuma nan ne kitsawa ta ƙware. A asibitin Jami'ar Liège ta Beljiyam, Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da tiyata a 1992, an kuma yi wa dubban mutane, har da cire maƙoƙo. A lura, ba hifnosis zalla ba ne: ana yin allurar kashe zafi a wurin yankan, da ɗan maganin kwantar da hankali, likita na gefen kunnen majiyyaci tana mayar da shi wani wuri da yake so, maimakon a sa shi dogon barci. A 2007 Guy Montgomery a New York ya gwada mata 200 masu jiran tiyatar nono. Waɗanda aka yi wa zaman hifnosis na minti 15 kafin a shiga da su sun buƙaci magani ƙasa da sauran, ciwo da tashin zuciya sun yi musu sauƙi, asibiti ya rage kashe kimanin dala 770 a kan kowace. A Manchester, Peter Whorwell ya nuna tun 1984 cewa yana taimakon masu ciwon hanjin nan da ke murɗa da kumburi alhali gwaji bai nuna rauni ba. Iyakarsa ke nan fa. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari, kuma masu tallar raba ka da sigari a zama ɗaya, bitar da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2019 ba ta sami gamsasshiyar hujjar da ke mara musu baya ba.

Tunda kuwa sharar fage ba dole ba ce, to kowane ma'aikacin lafiya na kitsa wa majiyyaci wani abu duk lokacin da ya buɗe baki, ya sani ko bai sani ba. A 2010 aka buga wani gwaji daga Boston kan mata 140 da za a yi wa allurar baya wajen haihuwa. Rabi aka ce musu za su ji kamar harbin ƙatuwar zuma, wannan ne mafi munin ɓangaren aikin. Rabi aka ce musu za a sa maganin da zai kashe wurin don su ji daɗin aikin. Allura ɗaya ce. Na farkon suka kimanta zafin 5 cikin 10, na biyun 3. A ɗakunan haihuwa da na wankin ƙuna a garuruwanmu, inda maganin kashe zafi ke ƙaranci kuma "yi shiru, ai ba a fara ba ma" ta zama gaisuwa, ina ganin wannan darasi ya cancanci awa biyu a manhajar makarantun jinya da na ungozoma, tare da gargaɗin cewa ba a kawo shi don ya maye gurbin maganin da ya wajaba gwamnati ta saya ba.